Sinob Na

A shekarata ta biyu a jami'a, can Shabu, na fara jin kunyar doya. Mama ce ke kawo ta daga gonarmu ta Agyaragu, ta kasa a bakin kasuwar Lafiya, kuma da ita ake biya mini makaranta.

Wata Asabar na shiga kasuwa da ƙawayena biyu, masu dogon farce da Turanci ta hanci. Na hango Mama, zanenta duk jar ƙasa, tana ɗago mini hannu. Sai na sunkuyar da kai a kan waya na wuce. Mai manja da ke kusa da ita, wadda ta taɓa sakandare, ta ce yadda zan ji, "Yarinyan nan sinob ne."

Da yamma na je gida, Mama tana fere doya ta ce, "Mene ne sinob?"

Na san ma'anarsa sarai: mai ɗaga kai, wanda ke ganin gaisawa da talaka zai ɓata masa riga. Amma na ce, "Mai ilimi ke nan, Mama. Wanda ya yi karatu sosai."

Ta gyaɗa kai. Daga ranar ya zama sunana. A coci ta ce wa mata, "Sinob na ya dawo hutu." A kasuwa ta ƙwala shi tun daga nesa, 'yan makaranta suna ƙunshe dariya, ni kuwa kamar in nutse. Don kada ta kira, sai na koma ina riga ta, in je in durƙusa in gaishe ta. Daga gaisuwa na fara zama. Daga zama na iya ciniki, har ina faɗa da masu taya doya kamar a bola muka tsince ta.

Ƙaryar ta daɗe tana cina. Bara, ina shafa mata man zafi a gwiwa, na daure na faɗa mata gaskiya.

Ta yi dariya har da tari. "Mai manja ya gaya mini tun ranan, kafin ki kai titi."

"To me ya sa kika yi ta kirana haka?"

"Ranan na yi kuka a bayan doya. Na ce in na zage ki, za ki ƙara nisa. Gara in kira ki har ki zo ki zauna." Ta miƙo mini ɗaya ƙafar. "Shafa nan ma, sinob na."