Hajiya Hindou da Jan Gashin da Take Rufewa

Kowace safiya, idan bas ta sauke Hajiya Hindou, takan taka zuwa ƙaramin gidan wasan kwaikwayo da ke bayan Elm Street, ta gangara ɗakin tufafi. Kafin ta taɓa allura, sai ta tsinci wani ƙyalle a ƙasa ta mayar da shi bisa wani kai na katako da ke kusurwa. Da hannunta ta rufe shi jiya, kuma ba mai mabuɗin ɗakin sai ita. Tuni ta daina tambayar wa ke yaye shi.

Abin da take rufewa hular jan gashi ce da dogon hancin roba. Shekaru ɗari huɗu da suka wuce, irinsu ake sa wa mai fitowa a Bayahude a wasannin Turai, don sarki da fadawa su sha dariya. A zamanin, ƙazafi ɗaya a fada ya isa a rataye Bayahude.

Wata shekara aka ɗauko tsohon wasa na wani likitan sarki, Bayahude, da aka ƙaga wa sa guba. Mai shirya wasan ya ce a sa kayan kamar da, wai don 'yan kallo su ji kunya. Ina kunya! Rachid, ɗalibin jami'ar da aka ba matsayin likitan, yana leƙowa zaure ya kece da dariya. Hindou na bayan labule tana saurare. Ta ce ba ta ji muryar mutanen garin nan a dariyar ba, tsohuwar dariya ce da ta sami ƙofa a buɗe.

Rachid kuwa, ko an tuɓe masa kayan, tafiyar da yake yi a wasan ba ta sakinsa. Har wurin shan shayi yana ranƙwafe yana murza hannuwa. Zipporah, dattijuwa Bayahudiya da ta tsufa tana sayar da tikiti a gidan, ta ce Lahadi za ta ajiye aiki.

Ranar Asabar Hindou ta kamo hannun Zipporah ta zaunar da ita inda madubi yake, Rachid na fuskantarta.

"Anti, ba na ganin madubi," in ji Rachid.

"Ga shi nan a gabanka," in ji Hindou. "Dube ta, ni kuma in liƙa maka hancin."

Ta shafa gam, ta ɗago hancin a hankali. Zipporah ba ta ƙifta ido ba. Kafin roba ta taɓa fuskarsa, Rachid ya riƙe hannun Hindou.

Da fuskarsa ta ainihi ya fita gaban 'yan kallo ranar. Aka yanke wa likita hukunci zaure na tsit. Zipporah har yau tana tagar tikiti.

Hajiya, ke ce mai ɗinkin da sunanta ba ya fitowa a allo. Ke ce aka ce ki ƙone hular kika ƙi, kika ce, "In na ƙona, gobe a ce ba a taɓa yi ba." Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ƙarshen watan nan za ta miƙa mabuɗi ta huta. Jama'a, a samu wanda zai gaje ta, domin gobe ma da safe ƙyallen nan yana ƙasa.