Hatsin Tama da Matacciyar Mota

Mu maƙera ne, amma ba irin waɗanda ake gani yanzu a bakin tasha suna tsintar guntayen ƙarfe ba. A ƙauyenmu, can tsakanin Buza da Keita, daga cikin ƙasa muke fitar da ƙarfenmu. Mahaifina shi ne sarkin tama na yankin. Shi ya san dutsen da ke da ƙarfe a ciki, shi ke gina tanderun laka mai tsawon mutum, shi ke cewa a sa wuta, shi ke cewa a fasa shi a fitar da ƙarfe. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma magana tsada take yi masa. In ka tambaye shi abu da safe, ka ci sa'a in ka sami amsa da la'asar. Ni kuwa bakina ba ya rufuwa, har Inna takan ce tun ina ciki na kwashe rabonsa na magana.

Bayan kaka, kowane magidanci yakan kawo damman hatsi gwargwadon kayan noman da yake bukata, a tara a rumbu guda da muke kira rumbun tama. Da wannan hatsi ake ciyar da masu haƙar dutse, da masu saran ƙirya su toya gawayi, da masu jakuna. A sayi bunsuru a ajiye don ranar sa wuta. In an fasa tanderu, a ƙera wa kowa hauyarsa da sunguminsa kafin ruwa ya sauka. Aiki ne mai cin jiki, kuma ba kullum ake dacewa ba. Akwai wani abu da sarkin tama ke binnewa a gindin tanderu shi kaɗai, ba mai gani, kuma daga uba zuwa ɗa guda sanin yake tafiya. A shekarar da nake ba da labari ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma Baba ya riga ya ce mini bana tare za mu shiga ramin gindin tanderu. Tun ina yaro nake jiran wannan magana.

Lokacin yaƙin Turawa ne, hanyar Sakkwato ta toshe, ko allura sai da wahala ake samu. Wani ɗan kasuwa na Madawa yana da tsohon kamiyo, wato babbar motar kaya, da yake ɗaukar fatu da auduga da shi. Da farkon damina motar ta zo gangarar korinmu, wato rafin da ke ƙafewa da rani, birki ya ƙi, ta tafi ta rungumi dutse. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu, amma ita ba ta sake tashi ba. Aka nemi kayan gyara har Tawa aka rasa. Haka ta ci damina a wurin, awaki na kwana a ƙarƙashinta, zirnaƙo ya yi gida a mazaunin shofer mai tuƙa ta.

Da kaka ta yi, rumbun tama ya cika, mun ma fara shiri. Ni da Baba mun kwaɓa laka mun gina bututun iska na tanderu, mun jera su a inuwa suna bushewa. Sai ga mai motar ya sauka gidan mai gari a kan doki. Dattijo ne mai kamala, amma kana ganinsa ka ga wanda asara ta zauna wa a wuya. Ya ce ya haƙura da motar, yana so maƙera su saye ta a matsayin ƙarfe, kuma hatsi yake so, don a shekarar nan hatsi ya fi takardar kuɗi daraja.

To, wa ya taɓa sayen matacciyar mota a ƙasarmu ta Adar? Mun san kuɗin raƙumi, mun san kuɗin jaki mai ɗingishi, amma wannan dabba ba ta taɓa shiga kasuwarmu ba. Hatsin da gari zai iya fitarwa kuma guda ne, na rumbun tama. Ko a ba tanderu, ko a ba mai mota. Mai gari ya ce shi bai san ƙarfe ba, abin da sarkin tama ya faɗa shi za a yi. Mai motar ma ya ce ya yarda.

A hanyarmu ta zuwa kori na matsa kusa da Baba na ce, "Baba, ka san in kac ce ƙarhen Nasara ba ya jin wuta, ba mai yi maka gardama ƙasag ga dut."

Ya ci gaba da tafiyarsa. Na ƙara da cewa bututunmu sun kusa bushewa. Sai da muka hango motar ya ce, "Ka ɗauko masaba babba?" Wannan ce amsar da na samu.

Rabin gari ya biyo mu. Mai motar ya ja Baba kai tsaye zuwa gaba, ya ɗaga murfi, ya nuna masa injin yana shafa shi kamar goshin doki. Ya ce nan kuɗin mota yake, sauran duk gangar jiki ce. Baba ya nemi izini, ya ɗaga masaba ya sauke a gefen injin. Wani ɓangare ya tsage ya faɗo kamar an fasa tukunya. Ya ɗauki guntun ya duba, ya miƙa wa dattijon a hankali.

"Yallaɓai, wanga nauyi gare shi, amma ba ya ƙeruwa. Ko ka ba ni shi kyauta, sai dai in ɗaure jaki gare shi."

Ya zaga ya ƙwanƙwasa ƙofofi da murfin gaba, ya ce waɗannan sai ludayi da ƙyauren rumbu. Daga nan ya tuɓe rigarsa ya miƙa mini, ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar, cikin kashin awaki. Muna tsaye muna jin ƙarar masaba, can ya buga, ya yi shiru yana saurare, ya matsa ya sake bugawa. Ya daɗe a kan dogayen ƙarafa biyu da motar ke kwance a kansu, da sandar da ta haɗa ƙafafun baya. Inda ya fi daɗewa shi ne wajen wasu ƙarafa masu faɗi, jere kan juna, lanƙwashe kamar baka, waɗanda ke ɗauke da nauyin motar. Ya fito da ɗaya da ya riga ya karye, ya ce ba zai yi magana ba sai wuta ta yi.

Aka dawo maƙera. Ni na ja zugazugi, kuma na ja su da mugun nufi, ina fatan ƙarfen ya watse ya ba mai shi kunya. Bai watse ba. Ya yi ja, ya bi masaba yadda Baba yake so, ba tsaga, ba datti. Ƙarfenmu na tama sai an sha dukansa ana fitar da ƙazanta kafin ya zama abin kirki, wannan kuwa a wanke ya zo. Kafin azahar hauya ta fito. Baba ya sa mata ƙota, ya fita bayan maƙera ya sari fako mai tsakuwa iyakar ƙarfinsa, ya juyo da bakinta ya duba. Ko alama. Ina kallon fuskarsa a lokacin, kuma na rantse ban taɓa ganin farin ciki da baƙin ciki sun zauna a fuska guda haka ba.

Mai gari ya ce, "To, sarkin tama, mi kag gani?"

Baba ya ce, "Ya hi nawa."

Ya ci gaba da lissafinsa a fili, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba. Ya ce a fitar da injin daga ciniki, a fitar da ƙafafun roba da katako, ba kayan maƙeri ba ne. Ƙarfen kirkin da ke ƙarƙashi zai kai abin da tanderunsa ke bayarwa a rani biyu. Amma mota ba ta yanka kanta, sai an sha wahalar sara, an toya gawayi, an ɗauko a jakuna, don haka a cire rabi. Abin da ya rage shi ne haƙƙin mai mota.

"Ku ba shi hatsin tama na bana, dut. Ku haɗa mashi da bunsurun."

Mai motar ya so ya ja, don a ransa injin yana nan. Sai ya dubi guntun da ke hannunsa har lokacin, ya ce, "Allah shi sa albarka." Mutanen gari kuwa murna suke yi a ɓoye, don ba wanda ke marmarin haƙar dutse da rana.

Ni na tashi na bar wurin ba sallama. Na yi fushi da Baba fushi na gaske, na kwana biyu ba na cin tuwo tare da shi. Da magana guda zai iya riƙe sarautarsa har ya mutu, ya bar mini ita, amma ya ɗauki hatsinsa da bakinsa ya miƙa wa baƙo. Sai da na tsufa a sana'ar, na ga yadda mutane ke rantsuwa a kan ƙarfen da suka san ruɓaɓɓe ne, na gane irin mutumin da ya haife ni. Ban ga na biyunsa ba.

Ranin nan muka cinye motar da kurfin saran ƙarfe da masaba, har ya zama sai injin ya rage a kori. Hauyoyin da muka ƙera suka yi suna har Tamaske, mutane na cewa a ba su ta mota. Kafin ƙarfen ya ƙare, yaƙi ya ƙare, matattun motoci suka fara samuwa a Madawa. Ba a sake tara hatsi a rumbun tama ba. Bututun da muka gina suka daɗe a inuwa, har Inna ta ɗebi uku ta yi murhu da su.

Wata rana da hantsi, bayan shekaru, Baba ya ce in bi shi. Ya kai ni tsohon wurin tama, muka shiga ramin wani rusasshen tanderu mu biyu. Ya nuna mini abin da ake binnewa, da inda ake samo shi, da abin da ake faɗa, ya sa na maimaita har ya zauna.

Na ce, "Baba, mi zan yi da shi yanzu?"

Ya ce, "Riƙe. Wataƙila motoci su ƙare."

Motoci ba su ƙare ba. Ni ne na kusa ƙarewa, kuma har yau ba wanda ya zo ya tambaye ni abin da ake sawa a gindin tanderu.