Dami Uku na Kaura

Babana bai taɓa shuka irinsa duka ba. Duk kaka in ya girbe dawa, sai ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi ƙoshi ya ɗaure dami shida. Uku na shukar baɗi ne. Ukun da suka rage ba mai taɓa su sai sabuwar dawa ta shigo gida, don in fari ko ruwa ya cinye gona a sami abin mayarwa ƙasa. Kaura ce ja wadda ya gada a wajen kakanmu, kuma a ƙauyenmu da ke bayan kamfanonin Challawa shi kaɗai ya rage da ita. Maƙwabta wasu sun sayar da gonakinsu an gina sito, wasu sun koma sayen irin kanti. Ajiyar tana rataye a kicin ɗin Inna, saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwari.

Shi ya sa har yau raina ke ɓaci in na ji a rediyo ana cewa mutanen ƙauye ba sa shirin damina. Wane shiri? Tun kafin hadari ya fara haɗuwa Baba ya gama yaɓen ɗakuna, ya gyara indararo, ya jera buhunan yashi a ƙofar zaure. Sannan ya ɗauki shebur ya yashe ƙoramar da ke gabas da gidanmu, wadda ke kwashe ruwan unguwa ta kai kogi. Ya san inda ruwa ke shigowa da inda yake fita kamar yadda ya san hanyar masallaci.

Sai wani kamfanin jima, masu sarrafa fatu, ya sayi filin da ƙoramar ke ratsawa, ya ja katanga a kanta. Suka bar wani ɗan bututu a ƙasa wanda ko akuya ba za ta iya wucewa ba. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ƙofarsu, na raka shi. Mun fi awa biyu a tsaye cikin warin fatu kafin wani mai hular kwano ya fito.

“Ranka ya daɗe,” in ji Baba, “nan da kuka toshe hanyar ruwa ce. In ya zo bai ga hanyarsa ba, zai nemi wata.”

“Baba, injiniyoyi ne suka auna wurin nan,” in ji mutumin, yana duba wayarsa. “Ku je ku kwantar da hankalinku.”

Ko kujera ba su ba shi ba. Dattijo mai furfura ya kawo musu ilimin shekara da shekaru kyauta, suka sallame shi kamar ya zo roƙo.

Nawa laifin kuma ba zan ɓoye shi ba. Lokacin ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, na gina ɗakin bulo a bayan gida, ina ji da kaina. Na dubi kicin ɗin Inna, ginin ƙasa, kuma shi ne mafi kusa da ƙoramar, na ce ai shi zai fara faɗuwa. Na dame su da magana har Baba ya yarda. Na sauke dami ukun da hannuna, na kai ɗakina na ɗora a kan katako. Tunda aka kafa gidanmu, ruwa bai taɓa zuwa ta baya ba, kowa ya shaida haka. Inna dai cewa ta yi, “To, masu boko, Allah ya sa hakan ya fi alheri.”

Ruwan ya sauko wata Lahadi bayan azahar, cikin watan Agusta, dawa ta kai ƙirji. Mu duka muna gabas, muna ƙara buhuna a bakin zaure, muna kallon ƙorama tana cika. Ashe da ruwan ya bugi katanga ya rasa mafita, sai ya zagaya ya hau titin manyan motocin kamfanin, ya haɗu da ruwan dattin da suke saki, ya gangaro mana ta baya. Ihun Inna ne ya juyo da mu. Kafin in kai ɗakina ruwan ya kai min ƙugu, baƙi, mai kumfa, yana ƙona fata. Na laluba na ɗago dami ɗaya, yana ɗiga.

Gonar kwana huɗu ta yi a cikin wannan ruwa. Da ya janye, karan ya yi ruwan toka ya kwanta.

Kicin ɗin Inna kuwa bai faɗi ba. Ruwa ya shiga ya kashe murhu, iyakarsa gwiwa. Na tsaya a ƙofa na ɗaga kai, ga igiyoyi uku na reto a sama, a bushe ƙarau. Ba wanda ya ɗora min laifi, kuma da ma zagina aka yi da ya fi min sauƙi.

Bayan mako biyu wasu jami'ai suka zo a farar mota, suka tara mu a gindin dalbejiya. Ɗayansu ya yi mana lacca a kan zubar da shara a lambatu da rashin jin gargaɗi. Katangar tana bayansa, ko waiwayawa bai yi ba. Aka ba kowane gida tabarma da bokiti. Na juya bokitin, na ga irin wanda muke bugawa ne a wurin aiki. Na miƙe zan yi magana, Baba ya riƙe min gefen riga, don shi ba ya son a ɗaga murya gaban baƙi. Na koma na zauna cike da takaici.

Baba ya shanya dawar da muka tsamo daga ɗakina, ya sussuke, ya zuba tafi guda a kasko ya rufe da ƙasa mai kyau. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya tsuguna ya duba. Ya yi haka kwana goma, ko tsiro ɗaya bai fito ba. Ran na sha ɗaya ya juye kaskon a bola, ya wanke hannunsa, ya ce in na je kasuwa in tambayo masa wane iri mutane ke shukawa yanzu.

Bana ma, da hadari ya fara haɗuwa, na same shi a ƙorama da shebur, ga tsufa, ga ciwon baya. Na ce, “Baba, don Allah ku bari, ai ba inda za ta kai ruwan.”

Bai ɗago ba. “Namu ɓangaren nake gyarawa,” ya ce. Ya ci gaba da yashewa har bakin shebur ɗin ya daki katanga.