Manjo Mai Kiran Suna

Kullum ƙarfe bakwai da rabi tana tsaye a ƙofar masana'antar ɗinki, takarda a hannu, tana kiran sunayen ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da shida ta yi a soja, ta yi ritaya tana manjo, aka ɗauke ta aikin kula da tsaron ma'aikata. Kaki ta ajiye, kiran suna kuwa ya biyo ta.

An sha yi mata dariya. Teloli suka laƙaba mata Uwar Fareti. Manaja ma ya taɓa ce mata, "Ranki ya daɗe, nan fa ba bariki ba ne. Ga na'urar danna yatsa can."

"Na'ura ba ta san fuskar kowa ba, yallaɓai," ta ce, ta ci gaba da kira.

Daga bakin ƙanwarta aka ji dalili. Manjo ta taɓa fita da sojoji talatin, aka yi musu kwanton ɓauna, suka janye cikin gaggawa. Sai da motoci suka yi nisa aka lura babu mutum ɗaya. Ita da kanta ta je ta gaya wa mahaifiyarsa.

Ranar da wuta ta tashi a ɗakin ajiyar yadi, da hantsi, aka fito a guje. Manaja ya dubi taron ya ce, "Alhamdulillahi, kowa ya fito." Manjo ba ta yarda da kallon ido ba. Ta zaro takardarta, muryar bariki ta danne hayaniya. Mutum sittin da ɗaya suka amsa. Na ƙarshe shiru: Baba mai guga, dattijon da kunnensa ya yi nauyi, yana ɗakin baya bai ji ƙararrawa ba. Ta jiƙa mayafinta, ta zaga ta ƙofar baya, ta fito da shi yana tari yana tambayar me ya faru.

Ta sa alama a gaban sunansa. Na kusa da ita sun ji ta ce, "Yau mun cika."

Ke ce wadda muka yi wa dariya, Manjo, kuma wallahi kunya ta kama mu. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Duk wanda aka danƙa wa mutane, ko biyar ne, ya yi koyi da ke, ya san su da suna.

Yanzu Baba mai guga ne kan gaba a layi kowace safiya. Ba ya jin kiran. Bakinki yake kallo, ya ɗaga hannu.