Mayafin da Na Saki a Kogin Kwara

Kafin wannan tafiya, ruwan da na sani bai wuce kududdufin bayan gidanmu a Ƙofar Sauri ba, wanda in damina ta yi nisa yakan cika har ya taɓa katangar maƙwabta. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula muka gama jarrabawar ƙarshe ta sakandare. Sabon ɗan majalisar yankinmu ya ba makarantarmu aron doguwar mota, wai a kai 'yan ƙungiyar jogirafi su ga Kogin Kwara, su ga dorina da idonsu. A cikinmu ba wadda ta taɓa ganin dorina sai a littafi.

Akwai ɗiyar goggona, ƙanwar babanmu, tana aji huɗu, ita ma tana cikin ƙungiyar. Shekara biyu na ba ta, kuma tun da ta iya magana Yaya take kirana. Ita kaɗai Allah Ya bar wa Goggo, don haka da aka kawo takardar neman izini Goggo ta ce atafau. Ni na yi ta sintiri gidan har kwana uku.

"Ke, ruwa ne hwa, ba gidan biki ba," in ji Goggo. "Wa ya iya iyo cikinku?"

"Goggo, cikin jirgi za mu zauna, ba shiga ruwan za mu yi ba. Kuma ina tare da ita."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "To na ji. Amana ce na ba ki. In ta dawo ko da ƙwarzane, ke zan tambaya." Ta jawo bakin mayafina da na ɗiyarta, ta ƙulle su wuri ɗaya, ta ja ƙullin har sau biyu. "A Makka, wajen jifa, haka muka yi, mu bakwai 'yan unguwar nan. Mutane kamar ƙasa, amma ko ɗaya ba ta ɓace ba. Duk inda kuka ga abin tsoro, ku ɗaure."

Wuni guda muka yi a hanya, muka kwana a wata makaranta. Da safe aka kai mu bakin kogi. Na yi ta neman ɗaya gaɓar da ido, sai can nesa na hango wani layi baƙi siriri. Ruwan ja ne kamar an dama ƙasa, ga hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin.

Jirgin na katako ne, dogo, da inji a baya. Mai shi wani dogon mutum ne, wansa kuma dattijo yana zaune a goshin jirgin riƙe da doguwar gora. Mai jirgin ya dubi sama ya ce wa malaminmu na jogirafi, "Malam, yau ba ranar shiga ruwa ba ce."

Malam ya yi dariya. "Wannan hadarin? Mu a Katsina irinsa sai ya wuni yana cika baki, iska ta zo ta watsa shi ko yayyafi babu."

"Nan ba Katsina ba ce, Malam."

"Motar nan gobe da asuba za ta juya. Yara sun yi wannan doguwar tafiya, a ce su koma ba su ga komai ba?"

Mu ma muka sa baki, muna ta roƙo. Ba zan ɓoye ba, muryata tana cikin waɗanda suka fi tashi. Mu da muka taso ana roƙon ruwa a filin idi, ba mu taɓa sanin hadari abin gudu ba ne. Dattijon ya tofar da yawu cikin kogi. Ƙanensa ya tayar da inji.

Ba mu yi nisa sosai ba iska ta fara. Jirgin ya riƙa ɗaga goshi yana faɗowa da ƙarfi, ruwa na fallatso mana a fuska. Waƙar da 'yan baya suke yi ta mutu. Wata ta yi amai a kan takalmin Malam. Ƙanwar tawa ta matso jikina tana rawar sanyi ta ce, "Yaya, mu ɗaure." Na kama bakin mayafinta da nawa na ƙulle kamar yadda Goggo ta nuna, na ja sau biyu. Sauran mayafin kuwa na naɗe shi a wuyana don kada iska ta ɗauke.

Sai ruwan sama ya sauko. Ban taɓa ganin irinsa ba. Gaɓar da muka baro ta ɓace, ba ka ganin komai sai fari. Mai jirgi yana ihu a zauna, yana ƙoƙarin juyawa. A daidai nan wata ta ƙwala kira, "Ga su can! Dorina!"

Na gan su. Kunnuwa ne kawai da hanci a saman ruwa, uku ko huɗu, ɗaya ta yi wani gurnani da na ji har cikin cikina. Abin da muka zo gani ke nan. Yara suka miƙe, suka karkato gefe ɗaya, ƙanwata ma ta miƙe. Igiyar ruwa ta bugi jirgin ta ɗaya gefen. Ban ga faɗuwarta ba. Ji kawai na yi an fizgi wuyana, ƙirjina ya bugi katakon gefen jirgi, numfashina ya tsaya.

Tana cikin ruwa, tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi kamu uku ba. Ta riƙe mayafin da hannu biyu tana ja, kogi kuma yana jan ta. Duk jan da ta yi, mayafin sai ya ƙara shaƙe ni. Rabin jikina ya riga ya fita waje, ruwa yana taɓa fuskata, ina jin jirgin yana biyo ni. Ta ɗago kai, bakinta a buɗe, idonta cikin nawa. Na san Yaya take cewa ko da ban ji ba.

Na sa yatsuna tsakanin wuyana da mayafin, na warware shi, na zare shi ta kaina, na sake shi. Ba suɓucewa ya yi ba. Ni na sake shi, kuma na san abin da nake yi.

Ta nutse. Fararen mayafan nan biyu suka miƙe a saman ruwa suna tafiya. Dattijon ya zura gorarsa ya saƙalo su, ya naɗe a hannu, ya yi ta ja har kanta ya fito, don nata mayafin yana naɗe a kafaɗarta. Shi da Malam suka jawo ta ciki, dattijon ya kifa ta a kan gwiwarsa yana danna bayanta, ruwa ja yana fita ta baki da hanci. Da ta yi tari ne Malam ya zauna cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgi ya fashe da kuka.

A bakin gaɓa dattijon ya ɗaga ƙullin sama. "Wa ya yi wannan?" Na ce ni ce. Ya ce, "Yarinya, a ruwa ba a ɗaure mutum da mutum. Da bai suɓuce daga wuyanki ba, da ku biyu za mu nema, wataƙila ma da jirgin gaba ɗaya." Kowa ya ɗauka suɓucewa ya yi. Ban gyara masa ba.

Da muka dawo Katsina ta yi mako biyu a kwance da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Mata suna ta zuwa jaje. Ina zaune na ji tana ce musu, "Yaya ta riƙe ni, har wuyanta ya yi rauni." Goggo ta riƙa ɗaga haɓata tana nuna musu shatin da mayafin ya bari. "Ku duba hwa. Ɗaurin nan da na ce su yi, shi Allah Ya sa ya zama sanadi." Ta aiko mini da turmin atamfa, ta ce wa babanmu ta ba da amana an riƙe mata.

Abinci ya daina shiga cikina. Ko ruwa na zuba a buta na ji ƙararsa, sai in ajiye butar. Ran nan da la'asar na shirya na tafi gidan da niyyar in faɗa wa Goggo gaskiya, komai zai faru ya faru. Na tarar ta fita barka. Ƙanwata ce kaɗai a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, doguwar gaisuwa irin wadda ake yi wa baƙo. Na durƙusa gabanta na ce mata abin da ya kawo ni.

Ba ta ɗago ba. "Kada ki gaya wa Inna."

"Ba zan iya ci gaba da karɓar godiyarta ba."

"Ba don ke na yi shiru ba. Ita ta ce a ɗaure. In ta ji ɗaurin ne ya kusa kashe mu, kin san ba za ta ƙara samun kwanciyar hankali ba. Hawan jininta kaɗai ya ishe ta."

Na ce, "Tsohon nan ya ce da ban saki ba—"

"Na ji abin da ya ce. Wataƙila gaskiyarsa ne. Wataƙila da ni ce ma haka zan yi." Ta ture wata tsakuwa gefen faranti. "Amma kin dube ni kafin ki saki. Shi ne abin da nake gani."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, ta faɗe shi da sauri kamar mai amsa sallama, ta ci gaba da tsintarta. Muna nan zaune Goggo ta shigo, ta yi murnar ganina, ta tambaye ni ina atamfar, ko ban kai ɗinki ba ne. Na ce na kai. Ta ce to ranar Juma'a in sako ta in zo ta gani.

Na sako ta na je. Goggo ta sa na juya gaba da baya, ta ce ta karɓe ni ƙwarai, ta kira ɗiyarta ta zo ta gani. Ta fito ƙofar ɗaki ta dube ni, ta ce, "Ta yi kyau," ta koma ciki.