Mayafin da Na Kai Shagon Kwamfuta

Sana'ata ɗaukar hoto ce, ina da ɗan shago a Rano kusa da tasha. Hotunan biki da na suna ba irin wanda bai bi ta hannuna ba, amma na matata guda ɗaya tak nake da shi. Ba ta son kyamara. Shi ɗin ma a sunan ɗan yayanta na ɗauka a Kibiya, tana gefen rumfa da mayafi ruwan ƙasa, ta juyo za ta ce in bari.

Bayan sadakar arba'in da rasuwarta na gyara shi a kwamfuta, na wanke babba, na kai wa mahaifiyarta. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta miƙa wa ƙanwarta, ta ce a hankali, "Yarinyar nan ba ja ba ce haka."

Gaskiyarta. Allon kwamfutata ya tsufa, komai yana nuna shi da duhu da kore-kore. Ni kuwa ina ƙara haske da ja har ya yi wa idona daidai, takarda ta fito da wata mace daban. Masu biki ba su taɓa kuka da haka ba, su da kullum roƙonsu a haska su.

Na shiga motar Kano neman sabon allo, da hoton na asali a filash na kwamfuta, mayafin a leda. Mai shagon ya jera mini alluna, kowanne an ƙure masa haske, ya yi ta yabon wani ƙato, wai ko ƙwallo na kalla sai na ga gumin 'yan wasa. Na ce ya sa mini hoton a dukkansu. Da na kara mayafin a jikin na farko, ya yi dariya ya ce, "Malam, yadi ka zo saya ko allo?" Na gaya masa mai shi ta rasu. Ya yi mata addu'a, sannan da kansa ya rage hasken allunan, ya kashe shuɗiyar fitilar shagon, ya ja labule rana ta shigo.

A wani allon mayafin ya koma ruwan goro, a wani ya koɗe da zarar na matsa gefe. Wani matsakaici marar ƙyalli ne ya tsaya a kalar da ke hannuna ko ta ina na duba. Fuskar kuwa na kasa tantancewa, na fara shakkar abin da nake tunawa, kuma hakan ya ba ni tsoro. Na dogara da mayafin, na ɗauki allon.

Da na koma Rano ban ƙara wa hoton komai ba. Ran kasuwa yayanta ya biyo da buhunan albasa, ya leƙo mu gaisa. Ya hango allon, ya tsaya a bakin ƙofa bai ƙarasa sallamar ba. Can ya ce, "Allah ya jiƙanta. Wanke mini biyu, ɗaya na Inna."