Dattijon da Ya Makara Ɗaukaka Ƙara

"Wa'adin ya wuce, Baba."

"Wane wa'adi?"

"Na ɗaukaka ƙara. Daga ranar hukunci ake fara lissafi."

A ofishin rajistar kotu nake jin wannan. Mai tambayar dattijo ne, tela nake zato, don ga allura soke a hularsa. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, irin ta wanda ya saba magana da zare a baki. Ɗansa aka ɗaure, ya sari ɗan maƙwabcinsu da adda.

Magatakarda yana tambayarsa abin da ya tsayar da shi. Shi kuwa yana ta daidaita bakin takardunsa a kan tebur.

"Yaron da ya sara yana asibiti, ɗana, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da wane ido zan zo neman a saki nawa alhali nasu bai tashi ba? Jiya aka sallame shi."

"To, sai ka nemi ƙarin lokaci. Amma alƙali zai so dalili mai ƙarfi."

Dattijon ya tura masa biro.

"Don Allah rubuta masa kunya ce. In kana da dalilin da ya fi wannan, ka ara min."